Sallama a Kan Gungun Maje

Lahadi, 6 ga Agusta, 1989

Mun iso sansani da la'asar, a bayan babbar mota, an loda mu kamar buhunan albasa. Wurin yana bakin tafki, gaba da Wara kaɗan. An kafa tantuna ƙarƙashin itatuwan ɗorawa, na mata a gefe guda, na maza can kusa da inda ake ɗaure jirage. Dukanmu 'yan babbar sakandare ne, daga Yelwa da Shanga da nan ƙasar Ngaski. Wai za a koya mana aikin ja-gorar baƙi masu yawon buɗe ido.

Mai koya mana, Malam Cindo, daga Sakkwato aka turo shi. Siriri ne, da usur a wuya, da fararen haƙora da ba ya gajiya da nuna su. Ya ce a ƙarshe manya za su zo su gwada mu a kan ruwa, su zaɓi mutum biyu. Waɗannan biyun in sun gama makaranta za a kai su Sakkwato, a horar da su, a ba su aiki.

To, ɗaya ni ce, in Allah ya yarda. Na gaji da ƙaurin banda. Tun ina ƙarama nake juya kifi a kan wuta tare da Inna, har littattafaina ƙarni suke yi, 'yan aji suna toshe hanci in na buɗe jaka. Ba zan tsufa a bakin murhun nan ba. Ni Tabawa na faɗa.

Tantinmu yana yoyo. Abokiyar kwanana Zipora ce, Bakambara daga kan tudu, ba ta taɓa shiga jirgi ba. Ta ce in ruwa zai ci ta ni za ta kama. Na ce to ta rage cin tuwo.

Da zan taho, kakata Dudu ba ta ce mini komai ba sai, "Wane gehen ruwa za a kai ku?" Na ce ban sani ba. Kuma da gaske ban sani ba.

Litinin, 7 ga Agusta

Yau murmushi muka koya. Wuni guda cur. Kumatuna ciwo suke yi.

Talata, 8 ga Agusta

Ashe aikin nan ba wasa ba ne. Yadda ake riƙe faranti, yadda ake tafiya da baya kana magana ba ka faɗi ba, yadda ake nuna abu da buɗaɗɗen tafi ba da ɗan yatsa ba. Zipora ta yi tafiya da baya ta zauna cikin bokitin wanke-wanke. Na yi dariya har da hawaye, ita ma haka.

Abin da Malam ya fi nanatawa shi ne shiru. "Ja-gora ba rediyo ba ne," in ji shi. "In kun hwaɗi magana, ku yi kurum. Ku ba baƙo hili shi ji abin a jikinai. Kurum ɗin nan shi baƙo ka tahiya da shi gida."

Kowa zai sami wuri ɗaya a kan tafki inda za a tsai da jirgi ya yi bayani. Akwai wani Magaji ɗan Yelwa, mai yin Turanci ta hanci, shi ya riga kowa ya kama bayanin dorina. Dorinar da babu wanda ya taɓa gani a nan. Amma ya iya magana, ɗan banza, har ni sai da na leƙa ruwa. Cikin mutum biyun da za a zaɓa, ɗaya ya tafi ke nan, saura ɗaya. Ni tsuntsaye aka ba ni. Zalɓe da balbela. Wa zai taso daga Ingila ya zo kallon balbela?

Laraba, 9 ga Agusta

Mun fita ruwa. Jirgin katako ne mai inji, direbansa Sallau, mutumin Argungu da ya zo neman abinci bayan an yi dam. Ruwa ya ja baya sosai bana. Da muka yi nisa sai ga kawunan matattun itatuwa tsaitsaye a tsakiyar tafki, farare fat, babu ganye babu ɓawo. Sai da na ga mai reshe biyu kamar an ɗaga hannuwa, sannan na gane inda muke. Daga wannan ɓangaren ban taɓa zuwa ba.

Tsohon Gungun Maje. Garinmu na asali, inda aka haifi Inna da Baba. Ni a sabon gari aka haife ni, cikin gidajen sumintin da gwamnati ta gina mana a kan tudu, don haka ban taɓa ganinsa ba sai waɗannan itatuwan.

Bakina ne ya yi aikinsa. Na yi sallama ƙasa-ƙasa, yadda duk ɗan garinmu yake yi in ya ratsa nan. Ashe Malam yana bayana. Ya ce wa nake gaisarwa? Na so in ce addu'a ce, amma ga Magaji yana kallona, sai na faɗi gaskiya da ɗan yanga. Na ce lokacin da aka tashe mu an kwashe masu rai, amma ba a kwashe kaburbura ba. Kaka cewa take rabin gari ne ya tashi, rabi yana nan zaune, kuma ba a ratsa ƙofar mutane ba sallama.

Idon Malam ya yi haske. "Ke, ga wurinki nan, kina ta bin balbela!"

Na gaya masa sauran, kada gobe a ce na ɓoye. Na ce ba a tsayawa, wucewa ake yi. Bai yi dariya ba, in faɗi gaskiya. Ya ce al'adar mutane ba abin wasa ba ce, ba zai tilasta ni ba. Sai dai in inji yana ruri jirgi yana tafiya, babu baƙon da zai ji komai, kuma babu alƙalin da zai ba da maki a kan gunaguni. Ya ce in yi shawara da zuciyata.

Alhamis, 10 ga Agusta

Ina ta tuna ranar da Kaka ta fara ratsawa da ni, ina 'yar mitsitsiya, za mu kai kifi Yelwa. Ta matse mini cinya. "A yi sallama a wuce, ɗiyar nan. Ba a jiran amsa. Wanda anka amsa ma, dole shi shiga, don rashin kunya ne a ce maka shigo ka juya baya."

Maganar tsofaffi. Kaka ce fa ta ce kada in yi fito wai macizai za su zo, na yi, babu ko tsaka. Na yi karatun kimiyya. Abin da ke ƙasan can laka ne da tarwaɗa.

Magaji ya ƙara wa dorinarsa 'ya'ya biyu.

Asabar, 12 ga Agusta

Na yi.

Da hantsi ne, gari ya yi luf, hadari yana haɗuwa ta gabas amma bai taso ba. Da muka kai itacen mai hannuwa na ɗaga wa Sallau tafi, ya kashe inji. Na miƙe tsaye, na yi bayanin dam da tashin gari, da Hausa sannan da Turanci, yadda aka koya mana. Sai na juya ga ruwa na ce, "Salamu alaikum." Da ƙarfi, kamar ina ƙofar zaure. Na yi shiru.

Ban ji komai ba. In rubuta wannan da kyau, ban ji muryar kowa ba. Abin da na lura shi ne ruwan da ke ɗan marin cikin jirgi ya daina. Tsuntsaye ma sun yi tsit. Sai kuma na ji yadda mutum yake ji in ya yi sallama aka amsa daga ciki, wato jikinka ya saki, ka san an san da kai.

Sai ji na yi an finciko zanena. Zipora ce. "Ina za ki?" Na duba, ashe na ɗora ƙafar dama a kan bakin jirgi, na ma zare takalmin. Na ce ƙafar ce ta yi sanyi nake miƙe ta.

Malam ya tafa mini. Ya ce tsigar jikinsa ta tashi. Magaji ya kau da kai, wannan ya fi mini tafin daɗi.

Abu ɗaya. Da ƙishirwa na shiga jirgi, ina ta sauri ban sha komai ba. Da muka juyo babu ita. Bakina ɗanɗanon ruwan randa yake yi, mai sanyi, mai ƙamshin sabuwar ƙasa. A sansani ruwan duro muke sha.

Lahadi, 13 ga Agusta

Zipora da 'yan cocinsu sun yi waƙa ƙarƙashin ɗorawa. Ni na wanke kayana. Lafiyata ƙalau.

Litinin, 14 ga Agusta

An sake gwaji. Na sake tsai da jirgi a wurin. Wannan karon na zauna, na sa Zipora ta riƙe mini hannun hagu, wai don kada jiri ya ɗebe ni.

Bayan shirun sai baki ya buɗe. Na ce a nan ƙarƙashinmu masallaci yake, in ka bi ta bayansa akwai lungu mai santsi, sai gidan masu saƙar taru, sai rijiya mai karyayyen baki da ake hana yara zuwa. Na ce can gidan wata mata ne mai yawan agwagi, kullum cikin faɗa take da maƙwabta. Ina yi ina nunawa da buɗaɗɗen tafi, tsaf yadda aka koya mana. A zuciyata ina cewa, kai Tabawa kin iya shirya ƙarya, Magaji ya zo ya ɗauki darasi.

Malam ya ce wa ya ba ni wannan duka? Na ce Kaka. Kaka ba ta taɓa gaya mini zancen agwagi ba.

Da rana an yi shinkafa da wake, na kasa ci. Ba ciwo ba, ƙoshi ne, irin na wanda ya tashi daga akushi. Zipora ta ce in ba ta nawa, na miƙa mata. Sai ta kama hannuna na dama ta shinshina. Ta ajiye kwanon.

"Miya," ta ce. "Da daddawa da man shanu. A ina kika ci?"

Na wanke da sabulu sau biyu. Bai fita ba sai da yamma. Abin haushi, miyar da daɗi.

Laraba, 16 ga Agusta



An kai mu kasuwar Wara mu koyi ratsa baƙi cikin cunkoso. A layin albasa na hango Gwaggo Uwani, 'yar garinmu, sa'ar Kaka. Na durƙusa in gaishe ta. Abin da na yi niyyar faɗa, ina wuni. Abin da ya fito:

"'Yar Baƙa, Delu ta ce ƙwaryarki mai ɗinki tana nan ta ajiye miki, kin bar ta a gindin turmi."

Ban san wata Delu ba. Ban taɓa jin an kira tsohuwar nan 'Yar Baƙa ba, kuma ko na ji, ni wace ce da zan kira ta haka?

Albasar da ke hannunta ta faɗi ta gangara, ba ta bi ta ba. Ta ce Delu yayarta ce, ta rasu tun kafin a zo auna ƙasa don dam. Su biyu kaɗai suka san sunan nan. Sai ta jawo ni bayan rumfa.

"Kin tsaya ke nan. Sau nawa?"

Na ce biyu.

"Na hwari an ba ki ruwa. Na biyu an ba ki tuwo. Ko ƙarya nike? Na ukku ɗaki za a nuna miki. Mutanenmu ba su barin baƙo shi wuce ukku, daga nan ɗan gida ne. Ba mugunta suka yi ba, ɗiyar nan, kirki ne. Kirkin ne abin tsoro. Kada ki koma."

Na ce ai ban shiga ruwa ba. Ta ce wa ya yi zancen ruwa?

Da zan tafi sai ta riƙe mini hannu, muryarta ta yi ƙasa. "Ta rame?" Na ce wa? Ta ce a'a, bari, tahi abinki. Na tafi da sauri, don amsar tana bakina. Ba ta rame ba.

Ranar Asabar manya za su zo. Asabar ce ta uku.

Alhamis, 17 ga Agusta

Na sami Malam bayan darasin ɗaure igiya. Na ce ina so in koma wa tsuntsayena. Ya cire usur ɗinsa ya zauna a kan kututture, ya tambaye ni ko wani ya tsorata ni. Na ce a'a. Ya ce ba komai, lafiyata ta fi, in yi balbela. Amma ba zai ɓoye mini ba, akwai 'yar Shanga mai bayanin shinkafa da ta iya sosai, kuma da balbela ba zan wuce ta ba. Da ma ya yi mini tsawa, da na sami abin jin haushi.

Magaji ya ji labari. Ya zo har bakin tantinmu da fara'arsa, wai tunda na fasa, a ba shi wurin, zai haɗa da dorina. Ya ma fara gwadawa, ya kumbura ƙirji, "Salamu alaikum, mutanen ƙarƙashin ruwa!"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ya kuskura. Na ce su ba sa'o'insa ba ne, ba abin wasansa ba ne, bai san sunan ko ɗaya ba, zai je ya tsaya musu a ka da takalmi yana Turanci ta hanci. Har maza suka fito kallo. Ya ja baya yana cewa, "Allah ba ki haƙuri, ba da gori na yi ba."

Zipora ta ce ba ta taɓa ganin idona haka ba. Ta ce su ma a kan tudu akwai dutsen da ba a zama a kai, wani malamin makaranta ya zauna don ya nuna ba komai. Na ce me ya same shi? Ta ce babu abin da ya same shi, yana nan, sai dai matarsa ta koma gidansu, ta ce ba shi ba ne.

Na ce ta cika camfi. Ta ce, "Eh. Ni kuma hannuna ba ya warin miyar da ban ci ba."

Juma'a, 18 ga Agusta

Na samo dabara. Zan yi wurin, amma ba za a kashe inji ba. Na sami Sallau yana kwarfe ruwa daga jirgi, na ce gobe in mun kai itacen ya rage wuta kawai, jirgi ya riƙa ja a hankali. Ya ce shi duk ɗaya ne, ya ma fi son haka, injin nan in ya mutu da ƙyar yake tashi. Na ce ko Malam ya yi masa alama kada ya kashe. Ya ce sai in ni na ɗaga hannu.

Ba zan ɗaga ba. Sallama in wuce, yadda aka saba. Zan ɗaga murya ta fi ta inji. Kowa ya samu: su an gaishe su, manya sun ji, ni na tafi Sakkwato.

Na yi sallar la'asar na daɗe a zaune. Ina son Inna. Ban san me ya sa na rubuta wannan ba, ba a gabanta zan faɗa ba.

Asabar, 19 ga Agusta

Sun zo da motoci biyu. Wani babba daga ma'aikata mai babbar riga ruwan toka, da wata Hajiya mai tabarau tana riƙe da biro, da Bature da matarsa, malamai ne a wata kwaleji, an gayyato su su zama baƙin gwaji. Matar ta yi ja kamar gauta saboda rana.

Magaji ya yi dorinarsa, suka yi dariya, Baturen har da ɗaukar hoton ruwa. 'Yar Shanga ta yi shinkafa, Hajiya tana gyaɗa kai tana rubutu.

Muka kai itacen. Sallau ya rage wuta yadda muka yi. Na miƙe na fara. Inji yana ta tatata, hayaƙi yana shiga idon mutane, ni ina ihu kamar mai tallar kifi a tasha. Matar Bature ta sa hannu a kunne ta ce me? Na maimaita. Mai babbar riga ya ciro goro ya fara ɓarewa, yana kallon gaɓa. Hajiya ta rufe biro. Wannan rufe biron shi ya kashe ni. Sai na ga murhun Inna, na ga kaina a gabansa da furfura.

Malam bai yi wa kowa alama ba, ya sunkuyar da kai ne kawai. Zipora tana girgiza mini kai. Kada a ɗora wa kowa. Ni na ɗaga hannu.

Inji ya mutu. Na juya ga ruwa. "Salamu alaikum."

Wannan karon na ji. Ba wata murya mai ban tsoro ba ce. Muryar mace ce mai aiki a hannu, kamar tana tankaɗe, daga ɗan nesa, ta bayan danga. Da 'yar dariya a ciki.

"Ji ta! Ke da gidanku, sallamar mi? Shigo ki aje kaya."

Ban motsa ba. Ƙafafuna biyu suna cikin jirgi, Zipora shaida ce, ta rungume su ta baya. Amma na san ɗakin. Na uku daga zaure, ƙofarsa tana kallon gabas, an share shi an yayyafa ruwa, an jingine sabuwar tabarma a bango. Akwai wata 'yar taga da rana ke shigowa da safe. Ban taɓa ganin ɗakin da ya kwanta mini a rai haka ba.

An ce na yi magana mai tsawo. An ce na kira gidaje ɗaya bayan ɗaya da sunayen masu su, na faɗi wanda ya yi haƙuri da wanda har yanzu yake fushi da aka tafi ba a yi masa ban kwana ba. An ce matar Bature ta yi kuka alhali ba ta jin Hausa, kuma mai babbar riga ya ajiye goronsa ya shafa fatiha. Ni ban tuna ba. Abin da na tuna, Sallau yana jan igiyar inji, injin ya tashi a bugu ɗaya, Sallau ya ce yau kuma ikon Allah.

Da yamma aka tara mu. Aka kira waɗanda aka zaɓa: Magaji da ni.

Na ci. Na ci! Kuma ga ni a kan tudu, a bushe, babu abin da ya same ni. Gwaggo Uwani ta tsorata ni a banza.

Lahadi, 20 ga Agusta

Kowa yana yi mini barka. Malam ya ce a duk inda ya koyar bai taɓa ganin irina ba, amma da ya faɗa bai nuna haƙora ba.

Zipora ta kwashe shimfiɗarta ta koma tantin 'yan Shanga, wai namu ya cika yoyo. Ba a yi ruwa ba tun Alhamis. Na ji zafi, amma ban bi ta ba.

Talata, 22 ga Agusta

An tashi sansani. Zipora ta zo ta ba ni hannu, ta ce za ta riƙa sa ni a addu'a. Ta kira ni 'yar'uwa, ba ta kira sunana ba. Da mota ta hau tudu kowa yana waƙa, ni ina ta waiwaye, ina jin kamar na fita ban gaya wa kowa inda za ni ba.

Laraba, 23 ga Agusta

Gida. Gidan su Inna.

Na tarar da ita a bakin murhu tana juya kifi. Na zaci za ta ce in tuɓe kayan makaranta in karɓe ta, ko kallona ba za ta yi ba, yadda ta saba. Ni ce 'yar fari. Tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa kama sunana ba saboda kunya, sai dai "ke" ko "waccan", kuma ba ta taɓa yi mini fara'a a gaban mutane ba.

Ta ɗago ta dube ni ido cikin ido. Ta goge hannu a zane, fuskarta ta washe.

"A'a! Tabawa ce? Maraba, maraba. Sannu da hanya, Tabawa."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko tabarmar da ake shimfiɗa wa surukai. Ta kawo mini ruwa a kwanon sha mai murfi, ta durƙusa ta ajiye. Ta kira ƙannena su zo su gaishe ni, suka zo suna noƙewa. Na ce Inna, na ci, za a kai ni Sakkwato. Ta ce, "Madalla, Allah shi sa albarka. Iyayenki sun ji daɗi." Na miƙa hannu zan juya kifin da ya fara ƙonewa, ta ce haba, haba, a'a, zauna abinki, kada hayaƙi ya ɓata miki kaya.

Shekara nawa ina so in ji sunana a bakinta. Yau na ji, kuma da ma ban ji ba.

Kaka Dudu tana ƙofar ɗakinta. Ba ta yi mini tsiyar da ta saba ba. Ta daɗe tana kallona, hawaye yana bin kumatunta, ba ta share ba. Sannan ta gyara zama ta gaishe ni, gaisuwa cikakkiya.

"Kun zo lahiya? Ya kinka baro mutanen gida?"

Na ce, "Lahiya lau, suna gaishe ki. Sun ce kin daɗe."

Gajiya ce. Na tabbata gajiyar hanya ce, kuma Inna murna ce ta ruɗa ta. Gobe komai zai koma daidai.

An kawo mini tuwo a rufe, na ɗan taɓa don kada su ji ba daɗi. Mutanen kirki ne, sun yi ɗawainiya sosai. Rana ta fara sanyi, kuma akwai hadari ta gabas. Gara in yi musu ban kwana da wuri, kada su ce sai na kwana.